Giyayyar da Sarki Ya Kora Sau Bakwai

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa mai albarka, Allah ya hore masa dukiya da jama'a, ya kuma haɗa masa da yawan zufa. Filin da yake zaman shari'a yana bakin fadama ne, da damina ruwa ya kwanta, da rani ƙasa ba ta rabuwa da danshi, ga rana kamar ta dafa mutum, babu ko itace ɗaya. Aka ba shi shawara a kafa rumfa, ya ce rumfa ta 'yan kasuwa ce. Shi inuwar itace yake so, itacen ma na nesa, wanda ba a taɓa ganin irinsa a ƙofar talaka ba.

Ya kira Sarkin Lambu, wani bawan Allah mai suna Nomau, ya danƙa masa aikin. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ita ƙasar nan..."

Waziri ya daka masa tsawa: "Rufe mana baki! Wa ya tambaye ka?"

Nomau ya sake gaisuwa ya fita. Fatake suka kawo dashen wani itace daga ƙasar duwatsu, aka dasa shi da kiɗa da bushe-bushe. Kafin kaka ruwa ya ruɓar da saiwarsa. Waziri ya ce kewar gida ce ta kashe shi. Na shekara ta biyu, ya ce kwarjinin sarki ne ya yi masa yawa. Na uku kuwa, don ya saki jiki, sarki ya sa aka naɗa masa rawani, maroƙa suka yi ta yi masa kirari. Wallahi da rawaninsa ya mutu.

Kowace shekara kuma, in sarki ya zo duba dashensa, sai ya tarar da waɗansu 'yan tsirrai sun fito da kansu, kore shar. Ransa ya ɓaci, ya ce, "Wa ya ba waɗannan izinin tsirowa a filina? A tumɓuke!" A tumɓuke su a watsar a juji.

Da itace na bakwai ya bi 'yan'uwansa, sarki ya hasala. Ya ce tun da Nomau ya kasa samar da inuwa, ranar Juma'a shi za a dasa a filin har ƙugu, a ba shi faifai ya riƙe a kan sarki, sai ya yi ganye ko ya bi sauran. Fadawa suka ce, "Hukunci ya yi, zaki!" Nomau ya koma gida yana hawaye, iyalinsa suka kama kuka, don kowa ya san abin da filin nan yake yi wa abin da aka dasa masa.

Ranar Alhamis da hantsi sarki ya fita da Waziri ya ga ramin da aka haƙa, dogarai na janye da Nomau a gwada shi. Rami ya yi daidai. Amma kafin a gama rana ta take, zufa ta jiƙe sarki sharkaf. Ya ɗaga kai, sai ya hango wani itace can bayan juji, ya yi luf-luf da ganye. Bai tsaya jiran kowa ba, ya nufe shi yana haki.

A gindin itacen ya iske wani tsoho mai noman albasa, ana ce masa Cindo. Tsoho ya shimfiɗa masa buzu. Sarki ya zauna, iska ta ratsa shi, ya yi ajiyar zuciya irin wadda bai yi ba shekara bakwai.

Ya ce, "Ya kai dattijo, daga wace ƙasa aka kawo maka wannan itace?"

Cindo ya ce, "Ya sarki, daga ƙasar da in na yi jifa daga nan, dutsen a cikinta zai faɗi."

"Me kake ba shi da ya yi wannan kyau?"

"Ya sarki, ban ba shi komai ba, ban kuma hana shi komai ba."

"To wa ya ba ka shi?"

"Wani mai arziki ne, wanda yake jefar da abin da yake nema, yake kuma aikawa nesa a nemo masa abin da zai jefar."

Sarki ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Kai, Allah ya yi wawa a nan! Waziri, a nemo shi, gobe a dasa shi kusa da Nomau."

Waziri ya ce, "Ko yau ma, ranka ya daɗe."

Cindo ya ce, "Ba sai an wahalar da dogarai ba, ya sarki. Yana zaune a kan buzuna."

Waziri ya shiga duban albasa kamar bai taɓa ganin irinta ba.

Tsoho ya ci gaba a natse: "Ya sarki, wannan giyayya ce, 'yar fadama. Ruwan da yake kashe baƙinka, ita shi ne abincinta. Shekara bakwai tana zuwa filinka da kanta, shekara bakwai kana sa a kore ta. Cikin waɗanda aka watsar a shekarar farko na tsinci ɗaya a juji, na soka ta a nan. Inuwarka ce kake sha, ni tsaronta kawai na yi."

Sarki ya ji kunya ƙwarai. Ya juya ga Nomau ya ce, "Kai ka san haka?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ko matata ta sani. Sau bakwai ina buɗe baki, sau bakwai Waziri yana rufe shi."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni na ɗauka hamma yake yi."

Sarki ya miƙe ya ce, "A kwance Nomau. Amma hukuncin da na yanke wa wawan nan, baki ya riga ya faɗa."

Ya tuɓe takalmi, ya tattare riga, ya koma filin. A gefen ramin ya sami wata 'yar giyayya da ta ɓuya ba a tumɓuke ba. Ya sa aka ɗebo ta da ƙasarta, ya faɗa ramin Nomau, taɓo ya kama shi har ƙugu, ya dasa ta da hannunsa. Sai da Nomau da dogarai biyu suka taru kafin aka tumɓuko sarki.

Ya tambayi Cindo, "Yaushe zan sha inuwarta?"

"Bayan shekara bakwai, ya sarki, in ba a naɗa mata rawani ba."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan ka sha ranar da masu kawo ƙara suke sha."

Haka kuwa aka yi. Faifan da aka tanadar wa Nomau, Waziri aka miƙa wa ya riƙa tare wa sarki rana. Kuma tun daga ran nan, duk wanda ya buɗe baki a gaban sarki, ba a tare shi sai ya kai ƙarshen zancensa. In fadawa suka ƙosa, sai sarki ya share zufa ya ce, "Ku bar shi ya gama. Na ƙi sauraron ƙasa, na rasa inuwa. In na ƙi sauraron talaka, shi zai rasa inuwar adalci."