Daraktocin Ukashatu

An ce wai a wani gari na manoman tumatir an yi wani saurayi, Ukashatu, wanda ya ƙera ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana. Ƙungiyar dillalai ta yarda ta ba shi kwangilar adana kayanta, da sharaɗin ya kawo shaidar rajistar kamfani kafin a fara ɗiban tumatir, in ba haka ba a ba wani.

Yaro ya sha wuya. Ya zaɓi sunan kamfani aka ce wani ya riga shi, ya zaɓi wani aka ce ya yi kama da na wani. Da ƙyar ya samu na uku, lauya ya ce saura ya faɗi daraktoci. A nan fa aka yi ta! Baffa Inuwa, yayan mahaifinsa, ya ce ba a buɗe komai a gidan nan ba da sunansa a sama ba. Kawu Shu'aibu, ƙanen mahaifiyarsa, ya ce ai shi ya saya masa fanel ɗin hasken rana na farko. Mutanen da ko kunna injin ba su iya ba suka shiga gaba da juna a kan kujerar da ba su san aikinta ba. Abin haushi, tumatir na ta nuna a gona, su kuwa ko a jikinsu.

Da abin ya ishi Ukashatu, sai ya kai kuka wurin Malam Jatau, tsohon alƙalin da ya yi ritaya. Malam ya kira dattawan biyu zaurensa, ya saurare su har suka gaji, sannan ya ce, "Kun yi gaskiya, ba a tsallake manya. Duk za ku shiga. Amma na yi kewar aikina, ku taimake ni mu gwada zaman kotu. Ku miƙe tsaye."

Suka miƙe suna dariya. Malam ya murtuke fuska.

"Darakta Inuwa, dillalai sun kawo ƙara, kayansu ya ruɓe saboda sakaci. Hukuma kuma ta ce ba ku kai rahoton shekara ba, ba ku je ofishin haraji ba. Me za ka ce?"

Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni me na sani? A tambayi yaron mana."

"Kotu ba ta san yaro ba, sunan da ke cikin rajista ta sani. Naka ne a sama."

Baffa ya juya. "To ai ga Shu'aibu nan, shi ya sayi fanel."

Kawu ya yi tsalle gefe kamar ya taka garwashi. "Haba Yaya! Ni dangin uwa ne, ina ni ina shiga gaban dangin uba? Wannan rashin kunya ba da ni ba."

Nan take mutanen da suka hana kowa sakat don a sa su gaba suka koma kowa na tura ɗan'uwansa. Ƙarshe Baffa ya nuna Ukashatu da yatsa, ransa a ɓace, ya ce, "Kai, kul ka sa sunana a wannan abin! So kake a ɗaure ni da furfurata?"

Malam Jatau ya ce, "To ga hukunci. Ukashatu ne darakta, tunda shi zai iya amsa tambaya. Ranar buɗewa Inuwa ya yi addu'a, Shu'aibu ya yanke ƙyalle, a zaunar da su a sahun gaba."

Kowa ya ce hakan ya yi. Ukashatu ya kai shaidar rajista dillalai na haɗa kwanduna za a fara ɗiba, ya samu kwangilarsa yana ajiyar zuciya.

Shi ya sa masu hankali, kafin su nemi a sa sunansu a gaba, sukan fara tambayar wa za a kira ranar da abu ya ɓaci.