Citumu da Cinikin Kife Ƙwarya

Ga ta nan tafe da ƙafarta, ku matsa ku ba ta wuri.

A zamanin da talabijin ta shiga daji, an yi wani kurege mai suna Citumu. An haife shi ne lokacin da ake gasa tumu, ya buɗe ido ya tarar kowa na tauna, shi ya sa har ya girma bai yarda cewa sai an sha wuya ake ci ba. Fartanya kuwa ko ƙotarta bai taɓa riƙewa ba. To a shekarar da nake ba ku labari bazara ta yi tsawo, rumbun kowa ya yi ƙasa, gidajen da yake kai wa ziyara daidai lokacin kwashe tuwo duk suka koyi rufe ƙofa. Citumu ya rame har wutsiyarsa ta fi shi nauyi. In bai samo abin da zai kai shi kaka ba, to kakar bana sai dai a ci babu shi.

A lokacin kowace ƙasa ta dabbobi da gidan talabijin nata. Zaki na da nasa a ƙasar Tudu, Kura na da nata a ƙasar Kwazazzabo, Kada na da nasa a ƙasar Gulbi. Hoton kowa iyakarsa bakin ƙasarsa, ba mai ganin na wani. Abin nunawa ne dai babu. A tashar Zaki, daga Zaki na hamma sai Zaki ya gama hamma. 'Yan kallo sun gaji, masu kawo talla sun gudu.

Wata rana da hantsi Citumu na ragaita ya biyo ta masussuka, ya tarar da zabi suna wasa. Budurwar zabuwa ta fito tsakiya tana waƙa, tsofaffi uku na zaune, kowace da ƙwarya a gabanta. Wadda waƙar ta gundure ta sai ta kife ƙwaryarta. In ukun suka kife, mai waƙa ta koma gefe a yi mata dariya, wata ta fito. Citumu ya laɓe a bayan ƙaiƙayi yana kallo, bai farga ba sai da rana ta take tsaka.

"Abin da ya mantar da ni yunwa ai ya wuce wasa, haja ce," in ji shi. "Ga ta ba nauyi, ba ta ruɓewa, ka sayar da ita kuma ta riga ka komawa gida. Ni ne Citumu. Ban yi shuka ba, amma ni zan fara girbi."

Da gari ya waye ya ƙera tabarau na karan dawa ya maƙala, ya ɗaura saɓar maciji a wuya irin yadda ma'aikatan banki ke ɗaura tasu igiyar, ya nufi fadar Zaki. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce shi dillali ne daga ƙasashen ƙetare, ya zo da shirin da zai hana 'yan kallo tashi ko da tuwo na ƙonewa. Ya zayyana wasan zabi tsaf, sai dai ko sunan zabuwa bai ambata ba.

Zaki ya yi hamma. "Ƙwarya ina da ita. Mawaƙa har sun yi mini yawa. To me zan saya a wurinka?"

"Ƙwaryarka ta shan fura ce, ranka ya daɗe. Ni kifewar nake sayarwa. Wa zai kife, yaushe zai kife, ina kyamara za ta duba lokacin da mawaƙi ya ji ƙarar ƙwarya ta uku. Shi ake kira tsari, kuma a ƙetare ba a taɓa shi sai an biya mai shi."

"Wanda aka kife wa fa, me ake yi da shi?"

"Kowace ƙasa da irin miyarta, ranka ya daɗe. Ni dai tsari na kawo."

Zaki ya lashe baki, ya taya da kwandon gyaɗa. Cikin Citumu na kuka yana cewa sallama, bakinsa ya ce albarka. Aka ƙara, ya ce albarka. Bai sallama ba sai da ciniki ya kai rumbu guda cike da gyaɗa.

"Da sharaɗi," in ji Zaki. "Ni kaɗai ke da shi a duk duniya. Ranar da na ji an kife ƙwarya a tashar wani, da fatarka za a rufe kalangun shirin."

"Kai kaɗai, ranka ya daɗe," in ji Citumu, bakinsa cike da gyaɗa.

Aka sa wa shirin suna Ƙwarya Uku. Kafin ka ce me, ƙasar Tudu ta rikice. Matan aure na barin tukunya a wuta, masu talla na layi tun daga ƙofar fada har bakin kasuwa. Mai hankali da ya tsaya nan ya ci gyaɗarsa har kaka, amma ai ba labarin mai hankali nake ba ku ba.

Da gari ya waye Citumu ya yi birgima a toka ya koma fari fat, ya gangara Kwazazzabo yana magana ta hanci. Ya gaya wa Kura cewa daga ƙasar ƙanƙara ya zo da tsarin da ba a taɓa jin labarinsa ba. Kura ta ce tana so, amma ita ce za ta zama alƙalan duka ukun.

"A tsarin ƙetare bai halatta ba, ranki ya daɗe," in ji shi, "sai dai in mai saye ta ƙara wani abu."

Ta ƙara. Ya tashi da rumbun aya, ya rantse mata ita kaɗai ke da shi a duniya. Ita ta raɗa wa nata suna Murya ko Miya, kuma sau da yawa takan kife ƙwarya tun mawaƙi bai gama gyaran murya ba.

Da gari ya waye ya shafe jikinsa da baƙin tukunya, ya liƙa gemun masara a haɓa, ya je bakin Gulbi. Kada ya ɗago kai daga ruwa, ya buɗe baki ya bar shi a buɗe, haƙora reras. Nan fa bayanin Citumu ya soma gudu.

"Alƙalai uku, Sarkin Ruwa, ƙwarya uku, mawaƙi ya yi waƙa, sai a kife."

"Kifi ka ce?"

"Kifewa, ranka ya daɗe. In an kife uku, shi ke nan."

Bai ce shi ke nan me ba, Kada kuma bai tambaya ba, don a ganinsa abin ba ya bukatar tambaya. A ƙasar Gulbi, in an kife ƙwarya a kan ruwa kaɗa ta za a yi. Ranar suna ake yi, da ranar da aka kamo babban kifi, mata na guɗa, kwaɗi na dukan ƙwarya da 'yan sanduna. Babu girmamawar da ta fi ta. Saboda haka a shirin Kada, mawaƙin da ya burge alƙalai shi ake kife wa. Citumu bai tsaya ya gani ba, ya karɓi rumbun shinkafa, ya ce kai kaɗai, ya ƙara gaba.

Ku zo ku ga Citumu bayan nan. Wuya ya yi kauri, wutsiya ta yi buzu-buzu tana sheƙi. Yakan kwanta a tsakanin rumbuna ukun yana shafa tumbi.

"Ni ne Citumu," yake cewa. "Na sayar wa Zaki abin da ke cikin ɗakin matarsa, ya kuma yi mini godiya."

Ana nan sai Jaki ya shiga gasa a ƙasar Tudu. Jaki ya daɗe yana ganin duniya ba ta san darajar muryarsa ba. Ya buɗe baki sau ɗaya, ƙwarya uku suka kife tare. Kafin a kai shi madafa ya tsinke igiya, ya yi ta gudu har bakin Gulbi, ya zauna yana kuka. Kwaɗi suka taru suna tambayarsa lafiya.

"Ina lafiya," in ji Jaki, "an kife mini ƙwarya uku a gaban duniya. Baiti ɗaya kawai na yi."

Kwaɗi suka dubi juna. Uku, a baiti ɗaya. Ko babban gwaninsu sai ya kai amshi ake kife masa ta biyu. Nan take aka ɓarke da guɗa, aka ɗaga Jaki sama, yana kuka suna kiɗa, har gaban Kada. Kada ya yi murna da babban baƙo, ya sa aka kawo masa ɗanyar ciyawa. Sannan ya tambaya.

"A wace rana muka kife maka, ban gane fuskarka ba?"

"Ba nan ba ne, ranka ya daɗe. A tashar Zaki."

Kada ya rufe bakinsa a hankali. Ranar ya aika wa Zaki, Zaki ya yi rurin da aka ji har Kwazazzabo, Kura ta zo jin dalili, ita ma ta ji nata. Suka zauna suka kwatanta. Dillalin Zaki ja ne mai tabarau, na Kura fari ne mai magana ta hanci, na Kada baƙi ne mai gemu. Amma duk ukun gajeru ne, kuma duk ukun da baki cike suka yi sallama.

Da gari ya waye Hankaka ya bi gari yana shela cewa Giwa na neman tsarin shiri, duk dillalin da ke da shi ya same ta a gindin tsamiyar da ƙasashen uku suka haɗu. Citumu ya dubi rumbunansa, abincin da ko shekara biyu zai yi yana ci ba zai ga ƙasansa ba, ya ce ai rumbun Giwa ya fi waɗannan girma. Kayan ɓad da kama sun ƙare masa, sai ya haɗa duka: ya yi birgima a toka, ya maƙala tabarau, ya liƙa gemu.

Ya iso gindin tsamiya bai ga Giwa ba. Abin da ya gani kyamarori ne, da ƙwarya uku, da masu ƙwaryar zaune a bayansu.

"Na san tabarau ɗin nan," in ji Zaki.

"Na san tokar nan," in ji Kura.

Kada kuwa gemun kawai yake kallo.

Zaki ya gaya masa cewa tun da ya baro gida an tura a kwashe rumbunan, kowa ya ɗauki nasa. An kuma haɗa tashoshin uku, ƙasashe uku na kallo kai tsaye. "Kai ka kawo tsari, yau kai za ka ɗanɗana shi. Yi mana waƙa. In ƙwarya uku suka kife, fata tawa, nama na Kura, ƙashi na Sarkin Ruwa."

Citumu ya fito tsakiya. Tsoro ya kama shi sosai, amma ko a bakin mutuwa bai iya waƙar da ba ta yabon kai ba. Ya ware 'yar siririyar muryarsa:

"Ni ne Citumu, dillalin ƙetare,
Na kai wa manya ƙwaryar gidansu,
Suka auna mini gyaɗa da aya."

Kura ta riga ta kife tun yana gyaran murya. Zaki ya kife tasa da ƙarfi har ta tsage. Kowa ya juya ga Kada. Kada ya rungume ƙwaryarsa a ƙirji.

"Kife mana, Sarkin Ruwa," in ji Zaki.

"Wannan zan kife wa? Muryar kamar ƙofar langa-langa. Ko Jaki ya fi shi."

"To ai shi ya sa za ka kife."

"A ƙasarku ke nan. Ni matan Gulbi na kallona. In na kife yanzu kwaɗi za su kama kiɗa, gobe a ce Sarkin Ruwa ya karrama ɓarawo. Ba da ni ba."

Sai a lokacin Citumu ya gane abin da ya manta bai bayyana ba a bakin Gulbi. Ya ƙara ƙwaɓe murya, ya saki wani amshi da ya sa tsuntsayen tsamiya suka watse. Kada ya ƙara ƙanƙame ƙwarya. Zaki ya kai hannu zai fizge, Kada ya zabga masa wutsiya, Zaki ya rama, ƙura ta tashi. Kura kuwa da ta ga rabo na neman komawa nata ita kaɗai, sai ta lallaɓa ta kife ƙwaryarta a kan Citumu, ta zauna a kai tana jiran a gama.

Ta manta da sana'ar kurege. Citumu ya kama haƙa. Bakin ƙwarya ya danne masa wutsiya, ya ja, ya sake ja, ya ji wani zafi har tsakar kansa, ya bar rabinta a can ya nutse. Da Kura ta ɗaga ƙwarya, rami ta gani da ɗan tulin gashi.

Can nesa ya ɓullo, a bayan masussukar nan, tabarau ya karye, goshi ya kumbura, wutsiya guntuwa, ciki kuma ya soma tsohon kukansa. Ya tarar da zabi sun yi cincirindo a gaban akwatin talabijin, suna ta dariya har da faɗuwa. A ciki Zaki na bisa Kada, Kura na zagaye da fasasshiyar ƙwarya a ka.

"Ai wannan wasanmu ne," in ji wata tsohuwar zabuwa, "amma mu ba mu taɓa tunanin alƙalan su daki juna ba. Ya fi daɗi haka."

Citumu ya daina lasar wutsiya. Ya dubi akwatin, ya dubi zabin da ko ƙifta ido ba sa yi.

"Alƙalai masu dambe da juna," in ji shi a hankali. "Wannan ban sayar wa kowa ba tukuna." Ya karkaɗe toka, ya matsa kusa da tsohuwar yana ɗingishi. "Sannu da hutawa, Gwaggo. Don Allah wace hanya ce ke zuwa ƙasar Giwa?"

Ƙurunƙus. Ba don wutsiyar kurege ta gutsure ba, da na ja muku ita ta fi haka tsawo.