Mutumin da Lanfen ta ɗora wa dami

Dalilin da ya sa Sinawa ke rubuta shekara da alamar mutum ɗauke da damin gero, ku matso ku ji, yara, amma ban yi muku alkawarin dariya ba.

A da can ba su da alamar shekara ko kaɗan. A wani ƙauye kusa da babban kogi akwai wata mata mai suna Lanfen da mijinta Shiyu. Ana cikin damina dogaran sarki suka zo suka kwashe maza zuwa aikin datse kogin, har da Shiyu.

To, al'adar ƙauyen ita ce ba a zuba hatsi a rumbu sai maigida ya ɗauko damin farko da kansa. Kaka ta yi, geron Lanfen ya nuna, ta yanka ta ɗaure, ga dammai jibge a gona tsuntsaye na ta biki, ga surukarta tsohuwa kwance da yunwa. Ta je wajen dagaci.

"Ranka ya daɗe, a bar ni in ɗauko, Inna za ta mutu."

Dagaci ya sunkuyar da kai. "Ɗiyata, ba ni na kafa al'adar ba. Sai mijinki."

Lanfen ta koma gida tana kuka. Ta zari gawayi daga murhu, ta zana Shiyu a jikin rumbu, ya ɗan rankwafa, dami a kansa. Ba wani gwanin zane ba ne, ƙafafun ma kamar na zalɓe. Ta kira dagaci ta ce, "Ga shi nan ya ɗauko."

Tsohon ya daɗe yana kallo, idonsa ya ciko. "Na gan shi. Zuba hatsinki. Amma kowace kaka sai kin sake zana shi, har ya dawo."

Haka ta riƙa yi. Tsohuwa ta rasu, kan Lanfen ya yi furfura, zane ya zagaye rumbu. Mutanen ƙauye kuwa, da son banza, in ana gardamar yaushe aka haifi wane, sai a je rumbun Lanfen a nuna zanen kakar da aka haife shi.

Wata rana wani gurgu da ya tsira daga aikin kogin ya iso yana tambayar gidan Shiyu. Ya ce mata, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Ruwa ya cinye shi tun daminar da aka kai mu."

Lanfen ta dubi rumbun, ta shafa zanen farko. Ta ce, "Ashe duk shekarun nan mamaci nake ɗora wa kaya. Ban ko bar shi ya huta ba."

Shi ya sa har yau, ko da yake hannun marubuta ya miƙe zanen, in Basine zai rubuta shekara, mutumin nan yake zanawa da daminsa, kuma bai sauke ba tukuna.