"Ba Na Jin Ka"

Akwai wani manomin rake a Gazara mai suna Lawal, mutumin kirki amma mai saurin ɗaukar zafi. Shekararsu shida da matarsa Hafiza ba a taɓa jin kansu ba, sai kwatsam ta fara janye jiki daga shimfiɗarsa.

Ran da ya matsa mata da tambaya, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, wallahi ba na jin ka."

Lawal ya ɗauka raini ne. Wato ga shi yana magana, ita kuwa ta daina jin maganarsa? Har ya fara tunanin takardar saki, sai dai tausayinta ya riƙe masa hannu.

Daga nan abubuwa suka rikice. Takalminta ya fice a hanyar rijiya, ta dawo da takalmi ƙafa ɗaya ba ta sani ba. Fitsari ya riƙa kufce mata.

Gwaggonsa Asibi ta ce, "Ɗan nan, namijin dare ne ya aure ta. Shi ke raba ku."

Wata Laraba da hantsi Gwaggo ta haɗa garwashi a kasko, ta zuba turaren korar aljanu, ta sa Hafiza ta tsuguna a kai, aka lulluɓe ta da bargo.

Lawal na bakin ƙofa sai ya ji wani ƙauri da ba na turare ba. Ya yaye bargon. Garwashi na cin cinyarta, ita kuwa tana kallonsa ido a bushe.

"Lafiya, Malam?" in ji ta.

Gwaggo ta ja da baya tana salati. A nan Lawal ya gane maganar. Ba kunne Hafiza take nufi ba, jikinta ne ba ya ji. Kunya ce ta hana ta fayyacewa, shi kuma fushi ya hana shi tambaya ta biyu.

A ranar ya kai ta asibiti Zariya. Likita ta ce ƙari ne ke danne lakar bayanta, shi ya kashe mata ji daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma da an ƙara jinkiri da ƙafafun sun tafi.

Aka yi aiki. Wata bakwai Lawal na jinya, yana koya mata taku.

Rannan tana shara a tsakar gida ta taka ƙaya, ta ce, "Wayyo!" Sai ta tsaya cak, ta dube shi.

"Malam, na ji."

Lawal ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Idan mace ta sauya a shimfiɗa, ba lallai raini ba ne ko aljani. Ciwon laka da jijiyoyi na kashe ji, kuma kunya na rufe baki. Ka sake tambaya a hankali, ka kai ta asibiti da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, wata tana can ta kasa faɗa.