Ƙanzon Tabawa

An yi wata baiwar Allah a wani birni, ba sai na kama sunan birnin ba, kada wani ya ce da unguwarsu nake. Sunanta Tabawa, tuwo take sayarwa a bakin kasuwar 'yan gwari. Na can baya ku matso, labarin ba shi da tsawo.

Kasuwar nan manoman fadama ne ke cika ta. Da hantsi za ka ga kwanduna jere, tumatir jawur, albasa, kabewa, alayyafo ko raɓarsa ba ta gama bushewa ba. Hayaƙin murhun Tabawa ya riƙa tashi a hankali yana ratsa ganyen tsamiyar da rumfarta ke ƙarƙashi, har ka rasa inda hayaƙi ya ƙare gajimare ya fara. Rumfar kuwa ta tsufa. Da damina tana tuƙi ruwa yana ɗiga mata a kafaɗa. Cikin kayan duniya abu ɗaya take roƙon Allah: ya nuna mata ranar da za ta tuƙa tuwo a ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo.

To, amma Tabawa tana da aibi, kuma kowa ya san shi. Tuwonta kullum sai ya kama. Kullum fa! A kwashe malmala, a leƙa gindin tukunya, ga ƙanzo nan mai kauri. Har aka sa mata suna Mai Ƙauri. Abokan sana'arta su ce, "Tabawa, furfura ta cika kai, har yau ba ki iya wuta ba?" Ita kuwa ta yi dariya ta ce, "Hannu ne, yaya zan yi?"

Ku saurara, a nan maganar take. Kayan gwari ba sa jiran kowa. Akwai ranar da manomi zai wuni kan kwandonsa ba wanda ya taya, rana ta narkar da tumatir, ga yunwa, ga aljihu wayam. Kuma mutumin da ya saba ci da guminsa, gara ya faɗi da ya miƙa hannu. Akwai wani tsoho a cikinsu, Malam Nomau. Tabawa ta taɓa miƙa masa malmala kyauta, ya ce, "Alhamdulillahi, a ƙoshe nake," ya ɗauki kwandonsa, aka daɗe ba a ga ƙeyarsa a wajen ba. Tun daga ranar ta sake dabara. In ta kusa saukewa sai ta tura icce. In ta hangi wanda leɓensa ya bushe, sai ta ce, "Malam, don Allah taimaka ka kankare mini tukunyar nan, hannuna ya mutu." Ta juye sauran miyar kuka a ciki kamar mai neman kai da ita. Mutum ya zauna ya ci ya ƙoshi, ita ce ma za ta yi masa godiya.

Ana nan, ana nan, sai labari ya zo cewa hukuma za ta gyara kasuwa. Aka rushe rumfuna, aka ja shaguna reras, rufin kwano, ƙasa tayil, ga famfo ga lantarki. Sai dai shagunan abinci kaɗan ne, masu tuwo kuwa da yawa. Sarkin kasuwa ya tara su ya ce, "Sabon wuri ba ya son ƙauri. Kowace za ta tuƙa tukunya ɗaya a gaban dattawa. A ɗanɗana, a duba gindin tukunya. Wadda nata ya fita fes, ta samu shago."

Tabawa ta je ta leƙa shagon kafin a raba. Allah da ikonsa, tana ciki ruwa ya sauko. Ta tsaya tsakiyar ɗaki tana jin amonsa a kan kwano. Ta miƙa tafin hannu sama, ta jira, ta jira, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ta daɗe a tsaye idonta a lumshe, tana ganin tukunyarta a wancan lungu, muciya a rataye, kafaɗarta a bushe.

'Yarta Hansai ta ce, "Inna, ni fa na sani. A gida tuwonki bai taɓa kamawa ba. Don girman Allah, yini ɗaya ne, ki rage wuta." Ta ce, "To, Hansai, na ji."

Ranar gwaji aka jera murahu a fili kusa da tsamiya. Tabawa ta yi ruɗe, ta tuƙa, ta janye icce kamar yadda ta alkawarta. Tuwo ya yi sumul, saura a sauke. Sai ta ɗaga kai, ta hangi Malam Nomau a gindin tsamiya. Aikin gini ya toshe hanya, mota ba ta shigo da wuri ba, tumatirinsa ya zama ruwa a kwando. Yana zaune ya juya wa tukwane baya. Da haka ta gane yunwa yake ji, don mai ƙoshi ba ya gudun kallon abinci.

Ta dubi shago. Ta dubi tsoho. Tukunya ɗaya ce yau, ba ta biyu, kuma ta san in ta kai masa malmala tashi zai yi.

Jama'a, ta tura icce.

Hansai ta ce, "Inna!" Ƙauri ya tashi, mata suka fashe da dariya. Sarkin kasuwa ya leƙa tukunya ya girgiza kai, ya ce, "Tabawa, mun so ki, amma hali zanen dutse ne." Da taro ya watse ta kira Malam Nomau ya taimaka mata da kankara. Ya ci, ya suɗe hannu, sannan ya ce, "Ke ma dai, Tabawa, da kin kula da wuta ko na yau kaɗai." Ta ce, "Hannu ne, Malam."

Kada ku ɗauka bai yi mata ciwo ba. Ta yi kuka a gida, kuka sosai. Shago kuwa ba ta samu ba har abada. Ta kafa wata rumfar a bayan kasuwa, ita ma mai yoyo, a nan ta tuƙa tuwonta har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwarta Malam Nomau ya kishingiɗa a gindin tsamiya bayan azahar, barci ya ɗauke shi. Sai ya gan ta a wani shago da ido ba ya kaiwa ƙarshensa, ana ruwa mai ƙamshi a waje, ita kuwa a bushe, fuskarta ta koma ta yarinta. Ya ce, "Tabawa, da me kika samu wannan?" Ta ce, "An ɗora tuwona a ma'auni, aka ce wannan ai an biya ki tun a can. Sai aka ɗora ƙanzo, ya rinjaya."

Ya farka bai gane ba. Wane lada ne a tuwon da ya kama? Ya je ya tambayi Hansai, ta faɗa masa komai, har da iccen ranar gwaji. Tsohon nan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, yana ta maimaita, "Ni kuma na ce mata ba ta kula da wuta ba."

Mafarki ba hujja ba ne, amma darasin a fili yake. Kyauta mafi nauyi ita ce wadda ta cika cikin mutum ba ta zubar masa da mutunci ba. Mu kuwa yau, kafin mu ba maƙwabci kwanon shinkafa sai mun ɗaga waya mun ɗauki hotonsa. Ka duba layinku, ɗan'uwa. Ki duba gidan da ke jikin naki, 'yar'uwa. Akwai wanda ya juya wa tukunyarki baya, kuma ba zai taɓa roƙo ba. Nemo masa tukunyar da zai kankare, ke ki yi godiyar. Allah ya sa mu ma a samu ƙanzo a ma'auninmu.