Diyyar Wutsiyar Ƙadangare

Ga ta nan, ga ta nanku, har da mai gyangyaɗin can.

Ta zo mu ji ta!

An yi wani mummunan zubar da jini a gindin katanga, wanda har yau ake maganarsa. Ɗigo biyu ne. Akuya ce ta taka wutsiyar Ƙadangare yana shan hantsi, ta guntule.

Ƙadangare ya ɗauki abarsa, sai gaban alƙali Hawainiya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ga ni da maganar aure. Wa zai ba guntu 'yarsa? A biya ni diyya."

Alƙali ya ce, "Nan asarar da ido ya gani ake biya. Gobe a zo a duba."

Washegari Akuya ta ce, "Malam, ciki ya tsufa, ba na iya tsayuwa." Aka ɗage. Da aka dawo ta ce, "Malam, jego nake." Aka ɗage. Da aka sake dawowa ta ce, "Malam, ba ka zo mana barka ba." Aka ɗage, alƙali ya tafi barka. Kun san tafiyar Hawainiya. Damina ta same shi a hanya.

Ranar zama, Ƙadangare ya zo da busasshiyar wutsiya a ganye. Alƙali ya aika ido ɗaya gaba, ɗaya baya.

"Wannan ta ganye, ta wa?"

"Tawa ce, Malam."

"Wadda kake ja a baya fa?"

"Ita ma. Tsirowa ta yi."

"Da ɗaya gare ka, yanzu biyu. Kotu ta nemi asara, riba ta tarar. Kuma da ƙafar baiwar Allahn nan aka same ta. A ba ta rabonta. Ka yarda?"

Shi kuwa Ƙadangare, ko uwarsa aka zaga gyaɗa kai yake yi. Ya gyaɗa.

Akuya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba zan raba shi da ta gado ba, Malam. Sabuwar ma ta ishe ni." Ta matso, ta taka.

Haka ya je gidan surukai, guntu, da wutsiya a ganye. Suka ce za su yi shawara.

To yara, wanda aka yi wa ɓarna ya nuna ta tun tana ɗanya, kada ya bari ta warke.

Kurunkus, kowa ya ja tasa ya tafi. Ƙadangare dai ya ɗaukaka ƙara, har an sa rana. Akuya tana da ciki.