Bar-Su-Baya da Gonar Azumi

Ya 'yan uwa, kafin in taɓa laifin wani bari in fara da nawa, tunda shi ne ƙarami. Ina son kallon doki. Ban iya hawa ba, jaki ma ya taɓa kayar da ni a gaban surukaina, amma in ina karatu na ji ƙarar kofato a waje, sai in nemi layin da nake in rasa. Na faɗa ne don kada wani ya fita ya ce Malam ƙin dawaki yake yi.

An yi wani mutum a nan Birnin Gwari. Ba zan kama sunansa ba, ko da yake na ga wasunku sun fara kallon juna. Allah ya buɗa masa ta hanyar fataucin hatsi. Ya yi gida, ya yi mota, ya je Makka. Sai ya ga abin da ya rage masa a duniya shi ne a kira sunansa a lasifika a filin sukuwa.

Ya sayo doki, ba irin namu na gida ba. Jinin dawakin Turai ne tsantsa, irin waɗanda ake haifa don gudu kawai. An san ubansa, an san kakan kakansa, abin da ni kaina in aka tsare ni ba zan iya kawo nawa ba. Ja ne, dogo, ƙafafu sirara kamar sandar makiyayi. Ya sa masa suna Bar-Su-Baya. Geronsa sai an sheƙe, harawarsa sai ta wake. Aka sa masa fanka a barga, a lokacin da mu a masallacin unguwa muke fama da mafici.

Gaskiya dokin ya yi gudu. Shekararsa ta farko ya ci a Kaduna, ya ci a Zariya. Aka kai shi Bida, ya isa ƙarshen fili sauran suna shan ƙurarsa. Sai aka je Katsina, ya zo na huɗu. Mahayinsa, wani Hammadu, ya ce dokin ba ya samun filin motsa jini. A da ana fita da shi bayan gari da sassafe. Yanzu kuwa kowa ya san waɗanda ke cikin dajin nan da bindigogi, ba mai kai dokinsa can.

To, mutumin nan yana da yaya da ya rasu ya bar matarsa, sunanta Azumi, da 'ya'ya. Babbansu Suhaibu, saurayi ne da ya fara riƙe gida. Suna da gona a bakin gari, shimfiɗaɗɗiya, doguwa, kana cikinta kana jin kiran salla. Ku manoma kun san darajar irin wannan gona a shekarun nan. Ita ce wadda mutum zai je ya dawo. Gadon mahaifin marigayin da ƙanen nasa ce ba a taɓa zama an raba ba, amma duk gari ya san marigayin ne ke nomanta tun yana yaro.

Ya je ya sami Azumi a tsakar gida.

Ya ce, "Yaya Azumi, musanya za mu yi. Ki bar mini wannan 'yar gonar, in ba ku tawa ta wajen dajin Kamuku. Ta ninka ta a girma."

Ta ce, "Alhaji, in tana da kyau haka, me ya hana ka nome ta bara da bana?"

"Ni fa taimakonku nake yi."

"To ka taimaki dokinka da ita mana. Ai ya fi Suhaibu gudu."

Bai yi dariya ba. Ya nemo dattawan dangi waɗanda ke cin tuwonsa, suka ce musanya ta yi. Ya kawo motar baje ƙasa aka share kunyoyi, gonar ta koma filin motsa jinin doki. Akwai wata rijiya da marigayin ya haƙa a tsakiyar gonar don noman rani. Cike ta da dutse zai ɗauki lokaci, ga sukuwa ta matso. Ya ce a zuba kara da tarkace, a rufe da yashi. Aka yi yadda ya ce.

Ya 'yan uwa, gida zai zauna ba ci ne? Da damina ta faɗi, Suhaibu ya ɗauki fartanya ya nufi gonar daji. Ya yi shuka lafiya. A noman farko 'yan bindiga suka same shi. A bayan babur aka kawo gawarsa, ƙasar gona tana nan a ƙafarsa.

Mutumin ya zo gaisuwa da babbar riga. Azumi ta yi magana daga bayan labule, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yafe ba, kuma duk sujadar da zan yi sai na ambace ka."

A wannan shekarar Bar-Su-Baya ya ci babbar sukuwar Kaduna, ya ci ta da rata. Aka shigo gari da kofi ana busa ƙahon mota. Har na ji wasu na cewa, ina addu'ar tsohuwar? Kuna zaton Ubangiji gaggawa yake yi irin tamu? Kuna zaton kukan wanda aka zalunta yana ɓata hanya?

Damina ta sake zagayowa. Wasu manyan baƙi suka zo daga Kano ganin dokin. An sha ruwa a makon, ƙasa ta jiƙu. Mutumin ya ce wa Hammadu ya sauka, yau mai doki ne zai hau da kansa. Ya hau, da tumbinsa da komai. Ya saki linzami. Dokin ya miƙe kamar yadda aka haife shi ya yi, har ya kai tsakiyar filin da a da gonar Azumi ce. Karan da aka zuba a rijiya ya riga ya ruɓe. Ƙasa ta burma.

Ƙafar gaba ta karye, ƙashi ya fito. Irin wannan doki ba ya tashi daga irin wannan karaya. A nan aka kawo wuƙa aka hutar da shi, a nan aka binne shi. Dabba ce, ba ta ci gonar kowa ba, kuma na yi mata hawaye.

Mai dokin kuwa ya faɗi ta baya, ƙashin bayansa ya taɓu. Aka kai shi Kaduna, aka kai shi Zariya. Mota ta tafi, shago ya tafi, rumbuna suka tafi. Dattawan da suka ce musanya ta yi suka daina bi ta layin. Yau yana kwance a ɗaki, sai an juya shi, ƙuda ya sauka a fuskarsa sai ya jira mai wucewa.

Ni ya aika in roƙa masa gafara. Na yi wanka, na sa hula mai kyau, na je da ayoyina da hadisaina a kan falalar yafiya. Na tarar da Azumi tana surfe. Na yi ta bayani, tana ta daka.

Ta ce, "Malam, ka gama?"

Na ce, "Saura kaɗan, Inna."

Ta ce, "Ajiye sauran. Ka gaya masa tsawon rai nake roƙa masa. Kada ya yi saurin tafiya. Ya kwanta ya ji."

Na sa takalmina na fito. Abin da na faɗa mata gaskiya ne, yafiya ta fi lada. Amma haƙƙinta ne, ba nawa ba, kuma ban ga wanda zai ƙwace shi daga hannunta ba.

Ya 'yan uwa, ku ji tsoron haƙƙin maraya. Ku ji tsoron zaluncin da aka sa wa rigar taimako, don shi ne mai shi ke kwana a kai yana ganin ya yi alheri. Wanda ya tura ɗan wani inda shi ba zai taka ba, ya san abin da ya yi. Tsakanin addu'ar wanda aka zalunta da Ubangiji babu shamaki, kuma ba ta tambayar ko kofi nawa ne a ɗakinka.

Allah ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya kiyaye mu daga ranar da za mu nemi gafara a hana mu. Allah ya jiƙan Suhaibu. Amin.

Gonar kuwa an sayar da ita a hidimar asibiti, yanzu bulo ake bugawa a wurin. Azumi a kasuwa take awon masara.